Cika-ciki Biyu a Shekara Ɗaya

Kawuna ya girme ni. Da wannan magana na tashi, kuma ban taɓa tunanin in bincika ba, don wadda ta faɗe ta ita ce mai rabon abinci a gidan. Kakata ce, wadda ta haifi uwata, muna kiranta Iya. Waina take toyawa a tsakar gidanmu na Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, tun daga asuba har hantsi ya dubi ludayi, 'yan talla suna fita da ita, maƙwabta suna aiko yara da kwanuka. Idan baƙuwa ta shigo ta tarar da ni da Kawu muna ci a kwano ɗaya, ni ƙato da kumatu, shi kuwa ɗan firit ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, sai ta tambaya wane ne babba. Iya ba ta ko ɗaga kai daga kan tanda. "Auta ne babba," in ji ta. "Wancan ci ne kawai ya kumbura shi." Sai tsofaffin matan da ke wurin su saci kallon juna, wata ta shiga gyara ɗankwali, wata tari ya kama ta. Ni a lokacin na ɗauka hayaƙin itace ne yake damunsu.

Gaskiyar maganar, wadda ni da Kawu muka zama na ƙarshen ji a duk unguwar, ita ce wannan. Ni ɗan fari ne, don haka uwata ta dawo gidan iyayenta ta haife ni, kamar yadda aka saba. Iya ce ta dafa mata ruwan wankan jego, ita ta dama kunun kanwa, ita ta yi ta shiga da fita tana karɓar barka tana cewa ai ita ta zama tsohuwa yanzu. Uwata ta yi arba'in ta koma ɗakinta. Ba a jima ba zazzaɓi ya kama Iya. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi turare, zazzaɓi ya ƙi tafiya, sai ma ya fara motsi. Mace da jika a hannu, ga ciki. Iya ta daina zuwa biki, ta sayi mayafi mai faɗin shimfiɗar gado, ta haifi Kawu aka yi suna shiru-shiru. Da muka fara tafiya sai ta fara gyara tarihi. Da farko cewa take yi mu sa'anni ne. Da ta ga ba wanda ya tanka, sai ta ƙara masa kwanaki, ta ƙara masa watanni, har ya wuce ni.

Kuma ba mai tanka wa Iya. Uwata ko sunana ba ta faɗa saboda kunyar ɗan fari, balle ta zauna tana lissafin ranar da ta haife ni. Kakana Alhaji fataucin goro yake yi, rabin rayuwarsa a kan hanya tsakanin tashar motoci ta Ojoo da Kano, in ya dawo kuma zaman lafiya yake nema. Matan unguwa kuwa suna son wainar Iya kuma suna tsoron bakinta. Da aka kawo ni yaye gidan, sai na zauna ban koma ba. Na tashi ina ce wa yaron da ke tsotson yatsa a gefena Kawu, shi ke fara ɗaukar nama a kwano, ni nake ɗauko masa buta.

Daga gangaren unguwarmu, in ka tsallake titi, akwai wani kulob na manyan mutane, lauyoyi da likitoci, masu zuwa da yamma cikin fararen gajerun wanduna su yi ta dukan ƙwallo ta saman raga suna haƙi. Mu yaran Sabo katanga muke hawa mu kalle su, mu yi dariyar tumbinsu. Muna da shekara goma sha ɗaya, wani dogon hutu, kocin wurin ya aiko cewa duk yaron unguwa da yake son koyon tanis ya zo kyauta. Bayarabe ne dogo, mai usur a wuya, yana jin Hausa irin wadda ake koya a bakin tukubar tsire. Ran farko ya jera mu ya raba mu bisa shekarar haihuwa ta boko: duk waɗanda aka haifa tsakanin Janairu da Disamba na shekara guda, rukuninsu ɗaya. Ni da Kawu rana ɗaya Alhaji ya kai mu makaranta, shekara ɗaya ya faɗa wa hedimasta, don haka muka faɗa rukuni ɗaya. Koci ya gaya mana tun a ranar cewa idan hutu ya ƙare 'yan kaɗan zai riƙe, ya ba su raket da takalmin kambas, ya ci gaba da horar da su don gasar yara ta jiha. Sauran kowa ya koma kan katangarsa.

Ni wasan ya zo mini da sauƙi har na fara zargin ko dai ni wani ne. Hannuna ya fi na kowa tsawo, ƙafata ta fi ta kowa. Ban san wata dabara ba, ban ma buƙace ta ba. In na ɗaga tsohon raket ɗin katako na narka wa ƙwallo, yaron da ke ɗaya ɓangaren sai dai ya bi ta da kallo. Koci yana cewa, "Wannan na gode Allah. Wannan zai je Legas." Ni kuwa na fara tafiya ina buɗe hammata kamar mai ƙurji.

Kawu shi ne wasan ya shiga ransa. Ni ina son a yabe ni, shi kuwa tanis ɗin yake so. Ya samo wani guntun katako daga sito na Alhaji, ya fere shi, ya naɗa masa tsumma a mariƙi. Duk yamma yana bayan sito yana buga wata sanƙararriyar ƙwallo a bango har a kira magariba, har masu ɗaurin huhun goro suka haddace ƙarar. Tun da ba shi da ƙarfin da zai yi gaba da gaba da ni, sai ya koyi mugunta. Ya gutsuro ƙwallo ta faɗo dab da raga ta mutu a wurin. In na rugo gaba kamar bijimin sa, ya cilla ta sama ta bi ta kaina. Yana sa ni gumi, yana sa ni zage-zage a zuci, amma daga ƙarshe ni nake ci, don tsawon hannu ba ya gajiya. Duk ranar da na lallasa shi kuma, sai in je gaban kowa in ɗan rusuna in ce, "Sannu Kawu, a yi haƙuri," in ɗauki gorar ruwansa in bi shi a baya. Yara suna dariya, shi yana cizon leɓe, ni ina jin daɗi biyu: na ci wasa, kuma babba na ci.

Koci yana kallon duk wannan. Shi mutum ne da ya taso inda ake kwanciya a ƙasa a gai da wanda ya girme ka, don haka rusunawata ba ta zo masa a matsayin iya shege ba. Ya ga ƙato yana ce wa ƙarami Kawu yana ɗaukar masa ruwa. Ya ga ƙaramin yana wasa da wayon da bai dace da yaro ba. A harkarsu kuwa ya saba da gardawan da suke aske gemu su zo su ce shekararsu goma sha biyu. Sai ya bi ta Sabo wata yamma sayen tsire ya yi tambaya, aka ce masa ai kowa ya sani, ƙaramin ne babba, uwarsa ma haka take faɗa.

Saura kamar mako biyu hutu ya ƙare ya kira mu gefe, ya dafa kan Kawu.

"Kai, kana da kai sosai," ya ce. "Amma ka gaya mini gaskiya. Shekara nawa ka rage? Biyu, abi uku?"

Kawu ya ce shi bai rage komai ba.

"To shebi, ba kai ne babba ba?"

"Ni ne babba."

"Ka gani. Babba, kuma ga tsawonka nan. Ka gama girma ke nan. Ni ba zan iya ba tsoho raket ba, yara suna jira."

Kawu bai yi kuka a wurin ba. Muka tsallako titi yana gaba ina baya, kuma ran nan gorar ruwan ta yi mini nauyi. Da muka shiga gida ya wuce bayan sito, ya ɗauko katakonsa ya jefa a cikin itacen girkin Iya, ya shiga ɗaki ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Tausayinsa ya kama ni sosai, amma bakina ba ya iya riƙe labari mai daɗi irin wannan.

"Matata," na ce wa Iya, don haka nake tsokanarta, ita kuma tana ce mini maigidan da ba ya cefane. "An ce ɗanki tsoho ne. An ce ya gama girma."

"Wa ya ce?"

"Koci. Ya yi tambaya a unguwa, aka ce ke kika faɗa shi ne babba."

Iya tana tankaɗen shinkafar ƙullu. Hannunta ya tsaya. Ta dubi ƙofar ɗakin da Kawu yake, ta dubi tulin itacen, ta miƙe ta zare katakon ta jingine shi a bango.

Duk hanyar da za a bi a kauce wa gaskiya sai da Iya ta bi ta. Da farko ta yanke shawarar Kawu zai yi tsawo kafin hutu ya ƙare. Ta aika kasuwar Bodija aka sayo ƙwai, ta dinga ɗura masa madara da kunun gyaɗa, kuma kowace safiya sai ya yi lilo a jikin ƙarfen saman ƙofa, ita tana tsaye tana auna shi da ido. Kawu ya samu gudawa, tsawo bai zo ba. Sai ta cika kwanon sha da waina mai zafi da miyar taushe ta ba ni in kai wa koci. Ya cinye tas, ya suɗe yatsu, ya ce in gaya wa Mama Allah ya saka da alheri, amma maganar tsoho tana nan.

Sai ta juyo kaina. "Daga yau ba a dukan kawu a gidan nan," ta ce. "Gobe in kun shiga, ka faɗi."

Na faɗi kuwa, faɗuwar da ba a taɓa gani ba a filin nan. Na buga ƙwallo ta tsallake katanga ta nufi unguwar Mokola. Na yi tuntuɓe da iska. Na riƙe cinya ina nishi. Koci ya busa usur ya sa ni tsallen kwaɗo na zagaye fili, Kawu kuwa ya ajiye raket ya ce shi ba maroƙi ba ne da za a ba shi sadakar wasa. Kwana biyu bai yi mini magana ba.

Ni dai abin ya fara ɗaure mini kai. In da gaske Kawu ya ba ni shekara biyu ko uku, ya kamata in sani. Na je gidan uwata na tambaye ta shekara nawa ƙaninta ya ba ni. Ta dubi bango ta ce, "Yaron nan, tashi ka ba ni wuri." Na sami Alhaji a sito yana yayyafa wa goro ruwa, na yi masa tambayar. Ya yi dariya har goron bakinsa ya sarƙe shi, sai da na bubbuga masa baya. Da ya farfaɗo ya ce, "Je ka tambayi matarka," washegari kuma ya tuna yana da lodi a Ojoo.

Ranar Juma'ar ƙarshe Iya ta kira ni. Ta ce in gaya wa mai usur ɗin nan tana son ganinsa gobe bayan la'asar. Ta zaɓi lokacin ne da gangan, don a sannan gida babu kowa, tanda a kife, 'yan talla sun watse. Na isar da saƙo daidai, Allah ne shaidata. Amma koci ya riga ya ɗanɗana wainar Iya, kuma ya san ba a toya ta da la'asar. Asabar da hantsi, tsakar gida maƙil da mata da yara kowa riƙe da kwano, sai ga sallama a zaure da muryar da ba ta unguwa ba.

Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kai masa waina. Iya ta yafa babban mayafinta ta zo ta tsaya a bayan labulen ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida. Ni da Kawu muka tsaya jikin bango, muna ganinsu su biyun. A bayanta kuwa cinikin waina ya tsaya cak, amma ba wadda ta tafi. Har wata maƙwabciya mai ciwon gwiwa, aminiyar Iya tun suna amare, ta jawo kujera ta matso.

"E kaaro ma. Ina kwana, Mama," in ji koci da cikakken baki.

Iya ta amsa, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, ta tambayi ruwan sama, ta sake tambayar iyali. Da gaisuwa ta ƙare mata sai ta ce, "Maganar yaron nan ce. Bai rage shekara ba. Mu ba ma haka a gidan nan."

"Mama, ni ba na son wahala. Yaro yana da kyau. Amma ke da kanki kin ce shi ne babba."

"Ai babba iri-iri ne. Kawu ne, ka ga kuwa babba ne."

"Wannan na sani. Mu ma muna da shi. Ni tambaya ɗaya ce: wa aka fara haifa?"

"Tsakaninsu ba wani nisa."

"Mama, wa aka fara haifa?"

Ina kallon ƙafar Iya ta ƙasan labule, babban yatsanta yana haƙar ƙasa. Sai ta ɗan ɗaga gefen labulen ta dubi Kawu. Yana tsaye ya sunkuyar da kai, wuyansa siriri, hannayensa a baya. Ya riga ya fid da rai, jira kawai yake a gama ya koma ya kwanta. Ta saki labulen.

"Wancan ƙaton," ta ce, "da cika-ciki aka haife shi. Wutsiyar ragon layya tana kan wuta uwarsa ta fara naƙuda, ni na sauke tukunyar. 'Yan cocin Mokola suna ta kaɗe-kaɗen sabuwar shekararku." Ta gyara mayafinta. "Aka yi Mauludi. Aka yi azumi. Aka yi ƙaramar Salla, aka yi babba. Cika-ciki ya sake zagayowa, mutanenku suna ta sayen kajin Kirsimeti. Sannan na haifi nawa."

Daga baya sai muka ji muryar maƙwabciyar nan mai ciwon gwiwa, a hankali kamar mai addu'a. "Alhamdu lillahi. Na ɗauka zan mutu ban ji wannan magana ba."

Tsakar gida ta fashe. Wata ta zauna dirshan a ƙasa, wata ta ce barka da sauka, wata ta tambaya yaushe ne suna. Ni na dubi Kawu, shi ya dube ni. Duk naman da ya riga ni ɗauka tun muna yara ya dawo mini a rai lokaci guda. Shi kuwa bakinsa a buɗe, bai san ko murna zai yi ko kuka ba, don a minti ɗaya an ba shi shekara guda ta girman jiki an ƙwace masa girman gida.

Koci bai yi dariya ba. Ya ajiye wainar hannunsa yana lissafi da yatsu. "Wato wannan farkon Janairu," ya nuna ni. "Wannan kuma ƙarshen Disamba."

"Shekara guda cur," in ji Iya daga bayan labule. Tun da ta riga ta zubar da abin da take ɓoyewa, yanzu so take a biya ta cikakken farashi. "Don haka ka cire shi daga cikin waɗannan ƙattin, ka sa shi da sa'anninsa na baya."

"Ba zai yiwu ba, Mama. A wurinmu shekararsu ɗaya."

"Cika-ciki biyu na lissafa maka."

"Duka biyun a cikin shekara ɗaya suka faɗo. Watanku yana gudu, namu yana tsaye."

"Wace irin shekara ce mai cika-ciki biyu? Wa ya taɓa cin wutsiyar rago biyu da layya ɗaya?"

"Ba ni na yi dokar ba, Mama."

"To wanda ya yi ta bai taɓa goyo ba. Lokacin da wannan yake tsotson nono, wancan yana bin kaji da gudu. Ka haɗa su ka ce su yi tsere, sannan ka ce ɗana ne rago."

Na zaci ta yi asarar kunyarta a banza, kuma na ji zafin abin har cikin ƙirjina. Amma koci ya miƙe, ya matso kusa da Kawu, ya kama hannunsa ya juya shi, ya dubi ƙafafunsa, ya dubi fuskarsa kamar bai taɓa ganinsa ba. "Wato duk wannan wayon, kai ne ƙarami a cikinsu duka," ya ce. "Rukuni ba zan canza ba. Za ka ci gaba da shan duka, ka sani. Amma Litinin ka zo ka karɓi raket." Sannan ya juyo kaina. "Kai kuma, ƙato. Ƙaninka kake duka kana buɗe hammata. Oya, daga Litinin da 'yan shekara goma sha huɗu za ka buga, mu ga ƙarfin." Ya zauna ya ƙarasa wainarsa, ya nemi a ƙara masa miya.

Da daddare a kan tuwo na gwada sa'ata. Na miƙa hannu zan riga shi ɗaukar nama, na kuma kira shi da sunansa gatsau. Ban ga daga inda cokalin juya waina ya fito ba, a bayan hannuna dai na ji shi. Iya ta yanke hukunci cewa lissafin mai usur ya tsaya a filin mai usur, a gidan nan kuwa Kawu kawu ne har a busa ƙaho. Na ci gaba da ɗauko masa buta.

Ita ce ta biya kuɗin raket ɗin nan da abin da ya fi kuɗi. Watanni matan unguwa suna kiranta mai jego. In yarinya ta zo sayen waina sai ta ce an ce a gai da jariri. Bikin farko da aka yi bayan nan ba ta je ba, ta ce ƙafa ke damunta, alhali na gan ta ta fito da zaninta mai kyau ta mayar cikin akwati. Ni da na fi kowa tsokanarta a duniya, wannan ɗaya ban taɓa taɓa mata ba. Ina sonta ƙwarai, kuma ranar ce na fara sanin haka.

'Yan goma sha huɗu kuwa suka koya mini hankali. Ashe ni ba wani ba ne, watanni ne kawai na riga mutane. Yadda nake narka wa ƙanana ƙwallo haka aka dinga narka mini, kuma ba ni da ko dabara ɗaya ta kare kai, don ban taɓa buƙatarta ba. Na dawo rukuninmu da hammata a rufe. Da na waiwaya daga baya na lura yawancin waɗanda koci ya riƙe a hutun nan irina ne, 'yan farkon shekara masu dogayen ƙafafu. Akwai wasu 'yan ƙanana biyu da na tuna, ɗaya ma bahago mai kyan hannu, da suka koma kan katanga. Ba wanda ya tambayi watan da aka haife su, kuma ba su da tsohuwar da za ta tsaya a bayan labule.

Kawu ya ci gaba da shan duka kamar yadda aka yi masa alkawari. Bai je Legas a shekarar ba, bai je a ta gaba ba. Amma yana nan a fili kullum da raket ɗinsa, yana gutsura yana cillawa, jikinsa yana biyo shi a hankali. Muna aji huɗu na sakandare wandunansa suka fara ɗagewa daga idon sawu. Wata yamma da damina, bayan an share ruwa daga fili, koci ya haɗa mu. Na narka masa ƙwallo yadda na saba, ta dawo mini da ƙarfin da ban san shi da shi ba. Na rugo gaba, ta bi ta kaina. Na ja baya, ta mutu a gindin raga. Yanzu yana da wayon kuma yana da hannun, ni kuwa hannun kawai nake da shi. Da aka tashi ya zo gaban kowa ya ɗan rusuna ya ce mini, "Sannu, a yi haƙuri," ya miƙo mini gorar ruwansa in ɗauka.

Muka shigo gida ana shirin magariba. Iya tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugune tana wanke tanda, gashin kanta ya yi fari ta gefen ɗankwali. Tun ranar zauren nan ba ta sake ambaton wane ne babba ba, in baƙuwa ta tambaya sai ta ce a miƙo mata ludayi. Amma duk ranar da muka buga sai ta yi tambaya ɗaya, kuma kullum amsa ɗaya take samu.

"Wa ya ci?"

Kawu ya yi murmushi, ya bar ni da aikin.

"Kawu ne," na ce.

Hannunta ya tsaya a cikin ruwan. Na ga kafaɗarta ta ɗan motsa, ta sa gefen zani ta goge ido kamar sabulu ne ya shiga. Sannan ta ci gaba da goge tandarta, ba ta ɗaga kai ba.

"To mene ne abin mamaki?" ta ce. "Ai shi ne babba."